Had-disk, mai gauraye ko SSD: wanne ya kamata in saka wa kwamfutata?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom, kuma nakan haɗa bidiyon biki jefi-jefi. Kwamfutar cinyar da nake aiki da ita ta hannu ce, had-disk ɗinta mai gigabayit 500 ne, kuma ta yi nauyin da idan na kunna ta da safe, har in share shago in dawo ba ta gama kintsawa ba. Mai sayar da kayan kwamfuta ya ajiye mini abu uku a kuɗi kusan ɗaya: had-disk mai terabayit 1, da wani da ya ce mai gauraye ne shi ma terabayit 1, da kuma SSD mai gigabayit 256. Wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa: Malam, ka ɗauki SSD ɗin, kuma kada ka yarda a karɓi tsohon had-disk ɗinka a matsayin ciko, domin akwai aikin da zai ci gaba da yi maka. Shi kuwa mai gaurayen ka bar wa mai shago kayansa. Na san abin da ke damunka, wato a ido gigabayit 256 kashi ɗaya ne cikin huɗu na terabayit 1, mutum kuma ba ya son ya biya kuɗin buhu a auna masa tiya. To amma ciwon kwamfutarka ba ƙarancin wurin ajiya ba ne, jira ne, kuma faɗin ma'ajiya ba ya maganin jira ko kaɗan. Abin da ya sa mutane da yawa suke yin kuskure a nan shi ne a kasuwa da lamba ɗaya ake tallar waɗannan kaya, wato yawan abin da suke ɗauka, alhali lambar da take sa mai aiki ya ji daɗi ko ya yi tsaki ba a rubuta ta a bayan kwali da manyan baƙaƙe.

Duk wanda ya taɓa ganin garmaho ya riga ya fahimci rabin yadda had-disk yake aiki. A cikin wannan ɗan akwatin ƙarfe akwai faifai, ko faifai biyu ko fiye, na alminiyam ko na gilashi, an shafe fuskarsa da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa a kan ɗan ƙaramin inji. Akwai kuma hannu mai ɗauke da allurar karatu da rubutu, wanda yake kai da komo tsakanin bakin faifan da tsakiyarsa. Inda ya bambanta da garmaho shi ne allurar ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iskar da juyawar take tayarwa, da tazarar da ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Tsarin tsoho ne ƙwarai. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a shekarar 1956 tare da kwamfutarsa RAMAC 305, da faifai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, kuma duk girman nan nasa abin da yake ɗauka bai wuce kimanin megabayit 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamanin nan. An yi ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa ciki har aka zo yau da ake samun mai terabayit 20 da ɗoriya, amma asalin dabarar ba ta canza ba: sai faifai ya juyo, sai hannu ya matsa, sannan a karanta.

A nan gizo yake saƙar, kuma lissafin ba shi da wuya. Yawancin had-disk na kwamfutar cinya suna juyawa sau 5,400 a minti, na kwamfutar tebur kuma sau 7,200. Mai 5,400 yana zagaye 90 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kowane zagaye yana cin kusan kashi 11 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan kwamfuta ta nemi wani ɗan bayani, a tsaka-tsaki sai allura ta jira rabin zagaye kafin wurin ya iso ƙarƙashinta, ban da lokacin da hannun ya ɗauka kafin ya matsa zuwa layin da ake so, wanda shi ma yakan kai kashi 10 cikin 1,000. Idan aka haɗa, kowace ɗauko ɗaya tana cin wajen kashi 15 cikin 1,000 na daƙiƙa, ma'ana a daƙiƙa guda bai iya zuwa wurare daban-daban fiye da kimanin 70 zuwa 100. Ga ɗan Adam wannan sauri ne, amma Windows idan tana tashi, ko Word yana buɗewa, ko Chrome yana loda shafin cike fom, ba babban fayil ɗaya ake karantawa ba, dubban ƙananan gutsattsari ne da suke warwatse ko'ina a kan faifan.

Ka ɗauka kana da yaron shago guda ɗaya da sito mai girma a bayan kasuwa. Idan ka aike shi ya kwaso katan 50 na kaya iri ɗaya da aka jera wuri guda, zai yi maka aikin da za ka yaba. Idan kuwa masu saye 50 suka tsaya a gabanka, wannan yana son allura, wancan zare, waccan maɓalli, kowanne a lungu daban na siton, yaron zai yi ta zirga-zirga har ya galabaita, layi kuma ba zai ragu ba. Kwafin babban bidiyo shi ne aiki na farko, kuma had-disk yana yin sa da saurin megabayit 100 ko ɗan fiye a daƙiƙa. Tashin Windows da buɗe manhajoji shi ne na biyu, kuma a nan yake durƙushewa. Za ka iya ganin wannan da idonka kafin ka kashe ko kwabo: lokacin da kwamfutar take cikin nauyin nan nata, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka dubi layukan da ke sama. A mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mini da irin kukanka, sai in tarar layin ma'ajiya, wato Disk, ya kafe a kashi 100 cikin 100, shi kuwa furosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana zaune a kashi 10 ko 15 yana hamma. Idan haka ka gani, ka kama mai laifin.

SSD ba shi da faifai, ba shi da allura, babu abin da yake motsi a cikinsa. Idan ka buɗe shi, ɗan allo ne kawai mai ɗauke da baƙaƙen cif na memorin filash, irin wanda ke cikin wayarka da katin memori, sai dai ya fi su inganci, tare da wani cif mai sarrafawa da yake raba aiki a tsakaninsu. Injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan, Fujio Masuoka, shi ne ya ƙirƙiro memorin filash a shekarun 1980, nau'in NAND da ake amfani da shi a SSD kuma an gabatar da shi a 1987. Da yake da lantarki ake isa ga kowane gurbi, babu na kusa babu na nesa, kuma ɗauko ɗaya takan ci kimanin kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa. Inda had-disk yake zuwa wuri 100 a daƙiƙa, SSD mai matsakaicin kyau yana zuwa wajen 10,000 ko fiye. Wannan ratar, wadda ta kai ninki 100, ita ce take sa tsohuwar kwamfuta mai shekara 10 ta koma kamar an yi mata wankan tsarki. A kwafin manyan fayiloli ratar ba ta kai haka ba, domin SSD mai mahaɗin SATA, wato irin bakin da had-disk yake shiga kwamfuta da shi, yana tsayawa ne a wajen megabayit 550 a daƙiƙa, wato ninki 4 ko 5 na had-disk, amma ba kwafin manyan fayiloli mutum yake wuni yana yi ba.

Shi kuwa mai gauraye, wanda ake taƙaita sunansa SSHD, ya cancanci a tsaya a kansa, domin a baki shi ne ya fi daɗin ji: faɗin had-disk da saurin SSD a kuɗi ɗaya. Gaskiyar abin da ke ciki ita ce had-disk ne cikakke, da faifansa da allurarsa, aka manna masa ɗan ƙaramin filash. An fara gwada shi a 2007, zamanin Windows Vista, da filash ɗin da bai wuce megabayit 256 ba, bai kuma karɓu ba. Kamfanin Seagate ya sake fitowa da shi a 2010 da sunan Momentus XT, mai gigabayit 500 da filash na gigabayit 4, daga baya aka ƙara filash ɗin zuwa gigabayit 8, kuma a nan ya tsaya a yawancin waɗanda suka biyo baya, har da masu suna FireCuda da suka fito a 2016. Saboda haka wanda aka nuna maka mai terabayit 1, abin da ya fi yiwuwa shi ne gigabayit 8 kacal ne filash a cikinsa, wato bai kai kashi 1 cikin 100 na girmansa ba.

Yadda yake aiki shi ne yana lura da gutsattsarin da ake yawan nema, sai ya ajiye kwafinsu a cikin filash ɗin, kamar yadda mai shago yake ajiye ashana da magi da sukari a kan teburin gabansa, sauran kaya kuma suna sito. Ba kai kake zaɓa masa ba, shi yake koya da kansa, shi ya sa sai an kashe an kunna kwamfutar sau uku ko huɗu sannan a ga tashinta ya yi sauri. Ga mutumin da aikinsa ɗaya ne kullum, wannan dabara tana taimakawa ƙwarai. To amma ka dubi naka aikin. Da safe takardar wani ɗalibi, da hantsi hoton fasfo, da azahar fom ɗin intanet, da yamma bidiyon biki mai gigabayit 15 wanda shi kaɗai ya fi filash ɗin girma kusan sau biyu. Duk abin da bai taɓa gani ba sai yaro ya ruga sito, kuma idan Windows ta sauko da sabuntawa ta sauya fayilolinta, koyon ya koma farko. Bugu da ƙari, duk raunin had-disk yana nan a jikinsa: faɗuwa tana kashe shi, yana ƙara, yana shan batir.

Ba na cewa dabarar wauta ce. A lokacinta ta yi ma'ana, domin a wajen 2010 SSD mai gigabayit 128 kuɗinsa ya kai na wata kwamfutar ta hannu. Manyan kamfanoni duk sun gwada irinta ta hanyoyi daban-daban. Apple ya fito da Fusion Drive a 2012, inda ya haɗa filash mai gigabayit 128 da had-disk mai terabayit 1 ko 3, kuma wannan ya fi aiki saboda filash ɗin yana da girman da zai ɗauke manhajoji gaba ɗaya. Intel ya kawo Optane a 2017, ɗan ƙaramin memori mai gigabayit 16 ko 32 da ake jingina wa had-disk, sannan a 2022 ya sanar da cewa zai rufe wannan sashen. Abin da ya kashe su duka abu ɗaya ne, wato farashin SSD ya sauko har gadar da aka gina don tsallake tsadarsa ta rasa amfani. Yau kusan an daina ƙera mai gauraye, saboda haka wanda ke hannun mai shagonku ko dai tsohon kaya ne da ya daɗe a kanta, ko kuma an ciro shi daga wata kwamfutar.

Duk da haka had-disk bai mutu ba, kuma ba na son ka fahimce ni a haka. A kan kowane gigabayit har yanzu shi ne mafi araha, da rata mai yawa idan aka hau terabayit 4 zuwa sama, shi ya sa manyan rumbunan bayanai na duniya suke ci gaba da sayensa daga kamfanoni ukun da suka rage suna ƙera shi, wato Seagate da Western Digital da Toshiba. Bidiyon biki da aka gama haɗawa, da hotunan shekarun baya, da karatuttukan malamai da wani ya tara, duk manyan fayiloli ne da ake ajiyewa a buɗe su jefi-jefi, kuma wannan shi ne aikin da ya iya. Haka na'urar naɗar kyamarorin tsaro, wadda take rubutu dare da rana, had-disk take so, musamman waɗanda aka yi domin haka irin su WD Purple da SkyHawk. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai shi ne da yawa daga ƙananan had-disk na yanzu masu terabayit 1 da 2 ana rubuta layukansu ne wani a kan gefen wani, kamar yadda ake jera kwanon rufi, tsarin da ake kira SMR. Yana ƙara musu ciki, amma idan rubutu ya yi yawa sai saurinsu ya faɗi warwas. Don ajiya babu laifi, don ɗora Windows kuwa azaba ce. Wanda aka miƙo maka mai terabayit 1 yana iya kasancewa irinsu, ka ga ke nan za ka iya biyan kuɗi ka koma gida da nauyin da ka fito da shi.

Sai batun wane SSD, domin sunan ɗaya ne amma jikin ya bambanta, kuma a nan ne ake yawan yin sayen da sai an mayar. Akwai mai inci 2.5 da mahaɗin SATA, wanda girmansa da bakinsa daidai suke da na had-disk ɗin kwamfutar cinya, a cire wancan a saka wannan. Tunda kwamfutarka da had-disk ta zo, wannan shi ne wanda babu shakka zai shiga. Akwai kuma siriri mai kama da sandar cingam da ake kira M.2, wanda aka fi samu da lamba 2280, ma'ana faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. Tarkon da ke nan shi ne M.2 suna ne na siffa kawai. Wani M.2 ɗin da harshen SATA yake magana, saurinsa bai wuce 550 ɗin nan ba, wani kuma da harshen NVMe, wanda yake kaiwa megabayit 3,500 a daƙiƙa a kan mahaɗin PCIe na 3, ko 7,000 a kan na 4. Akwai kwamfutocin da gurbinsu yake karɓar ɗaya ya ƙi ɗaya, ko da kuwa ya shiga daram. Wasu tsofaffin kuma, irin ThinkPad X220 da T430, wani gurbi ne da su mai suna mSATA, wanda shi ma daban yake. Kada ka yi ƙiyasi: ka duba lambar samfurin kwamfutarka a ƙasanta, a nemo takardar bayaninta, ko a kwance murfin a duba da ido.

Kuma kada lambobin NVMe su tsole maka ido. Tsallakowa daga had-disk zuwa SSD na SATA kamar sauka daga jaki ne a hau mota. Tsallakawa daga SATA zuwa NVMe kuwa, ga mai buga takardu, kamar sauya mota ce da wadda ta fi ta gudu a cikin cunkoson Kasuwar Kwari, inda babu filin da za a yi gudun. Mai haɗa manyan bidiyo kullum shi zai ga bambancin. Ko tsohuwar kwamfutar da mahaɗinta SATA na 2 ne, wanda yake tsayawa ƙasa da megabayit 300, tana samun kusan dukkan amfanin, domin kamar yadda na faɗa, jiran allura ne ciwon.

Za ka ji ana cewa SSD yana ƙarewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Kowane gurbin filash yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa, kuma iyakar tana raguwa gwargwadon yawan abin da aka cusa masa: mai ɗaukar ɗigon bayani ɗaya, SLC, ya fi kowa juriya, sai MLC mai biyu, sai TLC mai uku wanda shi ne ya cika kasuwa, sai QLC mai huɗu. Amma cif mai sarrafawa yana rarraba rubutun ne a kan dukkan gurabe don kada wani ya riga wani tsufa, kuma kamfanoni suna rubuta adadin da suka lamunce da alamar TBW. Samsung 870 EVO mai gigabayit 500, alal misali, an lamunce masa rubutun terabayit 300. Idan kana rubuta gigabayit 20 kowace rana ta Allah, abin da mai shago irinka da wuya ya kai, a shekara ka rubuta terabayit 7.3, wato sai ka yi shekara 41 kafin ka cinye. Mai gigabayit 250 rabin wannan yake da shi, kuma ko shi ya fi ƙarfin rayuwar kwamfutar. Abin da ake so kawai shi ne kada ka cika shi maƙil, ka bar masa kashi 15 ko 20 cikin 100 a sarari domin ya samu wurin juya kaya, kuma kada ka sa masa tsofaffin manhajojin tattara fayil, wato defrag, da aka yi wa had-disk. Tun daga Windows 7 ta 2009 tsarin yana gane SSD, yana kuma kula da shi da umarnin da ake kira TRIM, mai share guraben fayilolin da aka goge.

Abin da ya fi dacewa a ji tsoro shi ne yadda kowannensu yake mutuwa. Had-disk yakan yi jinya: ya fara nauyi, fayil ya ƙi buɗewa, a ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki. An taɓa kawo mini kwamfutar wata ɗaliba da take rubuta kundin kammala digiri. Ta rufe murfin ba tare da ta jira kwamfutar ta kwanta ba, ta jefa a jaka, ta hau adaidaita sahu, aka faɗa rami. Da na kunna na kara kunnena, sai na ji inji ya tashi, hannu ya buga sau uku, ya yi shiru, ya sake tashi. Allura ta riga ta karci faifan, kuma babi huɗu suna ciki ba su da kwafi ko'ina. Da SSD ne, wannan ramin ba abin da zai yi masa, kuma wannan kaɗai hujja ce ga duk wanda yake yawo da kwamfuta a kan babur. To amma shi SSD idan ajalinsa ya zo ba ya sallama. Jiya lafiya ƙalau, yau kwamfuta ta ce ba ta ga ma'ajiya ba, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na had-disk wuya da tsada nesa ba kusa ba. Ko fayil ka goge bisa kuskure, TRIM ɗin nan yakan share gurbin cikin ɗan lokaci, manhajar dawo da fayil ta zo ta tarar da wayam. Don haka duk wanda ka saya, aikin mutane ya zauna a wuri biyu, kuma takardu masu muhimmanci, da yake ba su da nauyi, a ƙara jefa su a Google Drive, wanda yake ba da gigabayit 15 kyauta.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Ɗauke wuta ba ya damun kwamfutar cinya mai batir mai rai, amma yawancin na hannu batirinsu ya mutu, ana zare caja suke mutuwa, kuma yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil a had-disk, tana kuma iya rikita taswirar da SSD yake gane inda ya ajiye komai da ita. Idan batirinka ya mutu ka sauya shi, idan kuma kwamfutar tebur ce a haɗa ta da UPS, musamman inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a wuni. Zafi kuma yana da wani tasiri da ba kowa ya sani ba. Filash yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da aka kulle a gurbi, cajin kuma yana zurarewa a hankali, zafi yana ƙara masa gudu. Ƙa'idar JEDEC, hukumar da take tsara ƙa'idojin kayan memori, ita ce SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe bayani shekara 1 ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka da nisa, amma a garin da ɗaki yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ban ba ka shawarar ka zuba bidiyon auren mutane a SSD ka jefa a durowa shekara da shekaru ba. Wannan ma aikin had-disk ne.

A kasuwa kuma sai ka buɗe ido, ko a Beirut Road ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, domin na gari da jabu a kanta ɗaya suke kwana. Na taɓa fasa wani da aka sayar wa wani mutum a matsayin SSD na waje mai terabayit 2 a kuɗin da bai kai na gigabayit 128 ba. Abin da na tarar a ciki ɗan katin memori ne an liƙa shi da gam a kan ƙaramin allo, sai guntun ƙarfe da aka manna don a ji nauyi a hannu. An shirya shi ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa, yana karɓar fayiloli yana rubuta sabo a kan tsoho, sunaye suna nan amma cikinsu babu komai. Araha ba ta ado. Ka nemi sunan da aka sani, irin su Samsung ko Kingston ko Western Digital ko Crucial, ka karɓi rasit, kuma kafin ka bar shagon a saka shi a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Za ta nuna maka sa'o'in da ya yi yana aiki, da yawan abin da aka taɓa rubuta masa, da kason lafiyar da ta rage. Wanda aka ce sabo ne amma ya nuna sa'a 9,000, ya yi shekara guda cur a kunne a wani wuri. Idan kana shakkar girman, manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗi gaskiya. Sai dai kada ka yi rigima idan mai 256 ya nuna 238, ko mai terabayit 1 ya nuna 931, wannan bambancin lissafi ne, kamfanoni suna ƙirga da 1,000, Windows kuma da 1,024.

Game da girma, Windows 11 tana neman gigabayit 64 ne a ƙalla, amma da an ɗora Office da CorelDraw da manhajar haɗa bidiyo, aka yi sabuntawa biyu ko uku, mai 128 ya cika. Mai 256 ɗin da aka nuna maka zai ishe ka idan ka riƙe shi don manhajoji da aikin da ke hannu, idan kuma aljihu zai iya, ka ƙara ka ɗauki mai 512, saboda bidiyon da kake taɓawa. A ɗora masa Windows sabuwa fil, ya fi a kwafo tsohuwar da duk tarkacenta. Idan RAM ɗinka, wato memorin da kwamfuta take ɗora aikin da ke hannu a kai, gigabayit 4 ne, ka sa a ƙara shi zuwa 8 tunda an riga an kwance murfin.

Tsohon had-disk ɗin kuma, a fara duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo ɗin nan. Idan ta nuna shuɗi, yana da hanya biyu. Idan kwamfutarka tana da gurbin faifan CD, wanda na tabbata ka daɗe ba ka buɗe shi ba, ana sayar da wani ɗan akwati mai siffarsa, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7 gwargwadon kwamfutar, a zare na CD a zura had-disk ɗin a wurin, ka samu ma'ajiya biyu a kwamfuta ɗaya. Ni dai na fi son hanya ta biyu ga mai shago, wato a saka shi a akwatin waje mai USB 3.0, wanda bakinsa yawanci shuɗi ne, ka riƙa kwafe aikin mako a kansa duk ranar Juma'a kafin ka rufe, ka zare shi ka tafi da shi gida, yadda ko ɓarawo ko gobara ko wutar da ta zo da ƙarfi ba za su same su wuri ɗaya ba. Idan kuwa manhajar ta nuna rawaya, tana ƙirga gurabun da suka lalace, to a kwashe abin da ke cikinsa a ranar, sannan idan ka samu sarari ka koma wurin mai shagon ka sayi mai terabayit 1 ɗin nan, ka saka shi a akwatin a madadinsa.